Bakinsa Yana Jikin Bango

Aikin da na fi daɗewa a kansa a Greensboro shi ne jinyar wani tsohon Bature a Pleasant Garden. Kamfanin da ke tura mu gidajen marasa lafiya ne ya kai ni. Sun ce tsoho ne mai nauyi, mata sun kasa ɗaga shi, namiji ake so. Ni ma a lokacin na ba hamsin baya, amma bayana da sauransa.

Ba ɗan Amurka ba ne. Mutumin Ingila ne. Aikin masaƙa ya kawo shi garin tun yana saurayi, ya yi aure, ya tsufa, masaƙar ta rufe, matar ta mutu. 'Yarsa ɗaya, tana Raleigh da mijinta, takan zo ƙarshen mako. Gidan babba ne, a tsakiyar fili, ba maƙwabcin da zai ji ka in ka yi kira. Wani Alhaji ɗan garinmu mai tasi, wanda muke haya a gida ɗaya da shi a East Greensboro, shi yake sauke ni da safe ya ɗauke ni da yamma.

Lokacin da na fara, ƙafar tsohon guda ce ta mutu, bakinsa lafiya lau. Surutu gare shi. Rabin abin da yake faɗa ba na ji, Turancina bai kai ba. Bai damu ba. Ranar farko, kafin ya nuna mini inda magani yake, sai da ya sa na tura kekensa zuwa falo, gaban wani dogon bango.

Zane ne jere a bangon, ba su kai ashirin ba. Na hannu ne, da fentin nan da ake jiƙawa da ruwa, a kan takarda da ta yi ja don tsufa, kowanne cikin gilashi da katako. Kakan kakansa ne ya yi su sa'ad da yake aikin soja a Indiya, zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. Mutumin ba ya ganin girman 'yan'uwansa. Duk Baturen da ya zana sai ya ba shi tumbi, ko jan hanci, ko ƙafafu irin na zalɓe. Ga wani alƙali yana barci a kan kujerar shari'a, baki buɗe, ƙuda na shirin shiga. Ga wani hafsa ya faɗo daga bayan giwa, kansa ya nutse a taɓo, ƙafafunsa a sama, giwar tana kallonsa ta gefen ido. Ga wata Baturiya ta suma a wajen cin abinci don ƙadangare ya faɗo mata cikin miya. Ga fada yana wa'azi a coci, kujeru duk wayam, saniya ɗaya ce ta leƙo ta ƙofa tana saurare.

Tsohon yana nunawa yana dariya har da hawaye. Ya ce danginsa sun ɓoye zanen shekaru don kunya, shi ne ya fito da su. Ya ce, “Dube mu. Mu ne wai muka mallaki duniya.”

Na duba. Amma idona ba kan Turawan ya tsaya ba. A kowane zane akwai wasu mutane a gefe, baƙaƙe-baƙaƙe, sirara, da rawani da ɗan gyauto. Ɗaya yana zaune a bakin ƙofa yana jan igiyar wani ƙaton mafici da aka rataye a rufin ɗaki. Ɗaya ya goyo salka yana tsiyaya wa wani mai tumbi ruwa a ka. Wasu sun ɗauko wani a amuku, gadon nan da ake ɗaukar manya a ka, yana kwance yana karanta jarida, wuyansu ya lanƙwashe. Mai zanen bai yi musu ba'a ba. Bai ma ba su fuska sosai ba.

Ni na san su. Ban yi lakwal ba, wato boko. Shekarar da fari ya cinye mana dabbobi na taka zuwa Yamai na shiga aikin boyi a gidajen Faransawa. Na yi wanki da guga, na yi kuku, na yi gadi. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke da rana, ni nake tsayawa da mafici a kan Madam har ta farka. Na ɗebo ruwa a garwa na shayar da furanni lokacin da unguwarmu ake kwana a layin famfo. Ban taɓa cewa komai ba. Aikin ya ciyar da uwata da ƙannena.

Akwai zane guda kusa da ƙofar kicin. Wani hafsa yana zaune a kujera, bara ya juya masa baya, ya duƙa, ya matse ƙafar hafsan guda a tsakanin gwiwoyinsa yana jan dogon takalmi. Ɗaya ƙafar hafsan tana kan ɗuwawun baran, yana tura shi. Abin dariyar shi ne takalmin ya ƙi fita, fuskar hafsan ta yi jawur. Na yi wa wani maigida mai son farauta aiki a Yamai. Haka yake cire takalminsa, kuma da ni yake cirewa. In akwai baƙi ya fi turawa da ƙarfi, don in tafi da ka in dafa ƙasa su yi dariya. Ban faɗa wa tsohon ba. In zan shiga kicin sai in kalli ɗaya gefen.

Na ba Alhaji labarin zanen a mota. Ya ce, “Kai dai Allah ya yi ka don Nasara. Ka bar wanke kwanonsu a Yamai, ka haye ruwa, ka zo wanke jikinsu.”

Na ce, “Kai kuma kana tuƙa su.”

“Ni a gaba nake zama, su a baya. Gidan da ke cike da hotuna, ina kake salla?”

“A gareji.”

“To, ku da mala'iku duk an kore ku gareji ke nan.”

Cikin sanyin shekara ta biyu ciwon ya sake buge tsohon. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin damansa duk ya shanye, bakin ya tafi. Sauti ɗaya ya rage masa, wani gurnani daga maƙogwaro. Ba ya iya rubutu. Amma idonsa na nan, hankalinsa na nan. Yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Wata mata daga asibiti ta kawo masa kwali mai hotuna: kofi, gado, masai, fuska mai dariya, fuska mai kuka. Ta ce ya riƙa nunawa da yatsa. Ya dube shi, ya dube ta, ya ture shi ƙasa da hannunsa mai rai. Ta ɗauka ta mayar. Ya sake turewa. Ban ga laifinsa ba. Abin yara ne.

Mun sha wuya a makonnin farko. Ya yi gurnani, in kawo abinci, ba shi ba ne. In gyara filo, ba shi ba ne. In kai shi banɗaki, ba shi ba ne. Sai ya rufe ido ya juya fuska. Wata rana da hantsi muna falo ya ɗaga hannun hagu ya nuna bango. Na zaci kallo yake so. Na tura keken a hankali, zane bayan zane. Da muka zo kan mai salka sai ya buga gilashin da farce. Ya buga, ya dube ni, ya buɗe baki. Na kawo ruwa. Ya sha duka. Ya riƙe mini hannu bai saki ba sai da aka jima.

Daga nan abin ya zama hanya. Mai jan mafici, zafi yake ji. Alƙali mai barci, a kai shi gado. Amuku, a fita da shi waje ya ga itatuwa. In abinci bai yi masa ba, sai ƙadangare a miya, kuma yakan nuna shi sau da yawa, don abin da likita ya yarda ya ci ba abinci ba ne. Akwai wani fasto da ke zuwa yi masa addu'a, mai dogon bayani. Yana cikin magana sai tsohon ya ɗaga yatsa a ɓoye ya nuna saniyar coci. Ni kuma in ce lokacin magani ya yi. In takalmi ya matse shi, ko ƙafa tana ciwo, hafsa da bara. Wannan ma na koyi kallonsa, tunda ya zama dole.

Wanda ya fi amfani shi ne na giwa. Mutum ne mai jin kansa, kuma yanzu ba ya iya riƙe cikinsa. Da farko in ya ɓata jikinsa sai ya yi shiru ya zauna a ciki, har sai na ji wari, sannan ya yi kuka ina wanke shi. Ranar da ya fara nuna hafsan da ya faɗa taɓo ban gane ba. Ya nuna zanen, ya nuna kansa, gefen bakinsa mai rai ya ɗaga. Sai na gane. Na yi dariya, shi ma ya yi irin tasa. Daga ranar bai sake kuka a kan wannan ba. In ya faru sai ya nuna giwa, ni kuma in ce, “Ranka ya daɗe, an sake faɗowa?” Da Hausa nake faɗa. Ya san abin da nake nufi.

'Yarsa ta san duk wannan. Ta gani da idonta, ita ma ta koyi wasu. Mace ce mai hankali, mai saurin hawaye. Ta ji 'yan Afirka na kamfanin suna ce mini Baba, ita ma ta ɗauka. Da Faransanci muke magana, ita ta koya a makaranta, ni a kicin.

Haka muka yi fiye da shekara. Sai wata Asabar, ranar da ba ni ke aiki ba, ya zame daga hannun mai jinyar ƙarshen mako a banɗaki, ƙugunsa ya tsage. Bayan asibiti likitoci suka ce ba zai koma gida ba, sai gidan tsofaffi, inda akwai injin ɗaga mutum da nas dare da rana. Ban yi gardama ba. Ba wanda ya tambaye ni ma. Abu ɗaya na ce wa 'yar: a kai masa zanensa. Ɗakin da aka ba shi yana da bango.

Ta ce za ta yi tunani. Ranar da muke haɗa kayansa, shi yana asibiti, ta kira ni falo. Tana tsaye daidai gaban hafsa da bara.

Ta ce, “Baba, na je na ga wurin. Masu aikin kusan duk baƙaƙe ne. Wasu 'yan nan, wasu daga Afirka. Su za su wanke shi, su za su ba shi abinci, ba ni nan, kai ma ba ka nan. In suka shigo suka ga wannan a kansa fa?”

Na ce, “Zane ne. Da shi yake magana.”

“Na sani. Amma ina so in ji daga bakinka. Kai da kake ganinsu kullum, suna yi maka ciwo?”

 Na yi shekaru a gidajen Turawa, na san amsar da ake ba su. A ce a'a, Madam, ba komai. Ita ce a bakina.

Sai ta ce, “Kada ka faɗa mini abin da nake so in ji. Ka rantse mini da Allahnka za ka faɗi gaskiya.”

Ita a wajenta magana ce kawai, irin yadda suke yi in suna so a yarda da su. Mu ba haka muka taso ba. In an haɗa ka da Allah, an rufe maka sauran ƙofofi. Na ga mutanen da suka yarda suka rasa gona don kada su rantse a kan abin da suke shakka. Na ce na rantse.

Na nuna baran. Na ce, “Wannan ni ne. An yi mini haka, ba sau ɗaya ba, a gaban baƙi. Duk ranar da na shiga kicin ɗin nan sai na ji ƙafar a bayana.”

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata. Kalmomin ba su fi haka ba. Ta rufe baki da hannu. Ta yi ta ba ni haƙuri a kan abin da aka yi tun ba a haife ta ba, a ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Sannan ta miƙa hannu ta sauke zanen ta jingina shi fuska ga bango.

Na ce, “Madam, tambayata kika yi na amsa. Ban ce a cire ba. Ni ina da baki, shi ba shi da shi.”

Ta ce, “Kai da kake sonsa ka ji haka. Wanda bai san shi ba fa?”

Na ce a bar wannan a kai sauran. Muka bi bangon tare muna nema. Ba guda da babu bara a ciki. Ko na saniya, akwai wani a waje riƙe da laimar fada. Na ce ni zan je in yi wa masu aikin bayani. Ta ce da wane Turanci, kuma masu aikin suna canjawa. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba. Gaskiya ce. Ta ce ubanta zai kasance a hannunsu kamar jariri, ba za ta ba kowa dalilin ƙinsa ba.  Ni na taimaka mata muka naɗe su cikin barguna. Daga baya ta aika su wurin wani ɗan'uwansu a Ingila.

Ba ta bar shi haka nan ba. Ta ɗauki hoton kowane zane, aka wanke su ƙanana, ta jera su cikin ɗan littafin hotuna, ta sa a durowar gefen gado inda ba mai gani. Durowar tana ɓarin da ya mutu. Ko da tana ɗaya ɓarin, idonsa ya yi rauni, ƙananan hotunan duk ɗaya ne a wurinsa. A nan na gane ashe ya daɗe ba zanen yake gani ba. Wurinsu ya haddace. Ruwa na can sama kusa da taga, giwa a tsakiya, alƙali a ƙasa ta dama.

Kamfani ya mayar da ni wajen wani majinyaci a McLeansville. Lahadi kaɗai nake da ita. Alhaji yakan kai ni gidan tsofaffin in ba shi da fasinja, yana mita. “Ba ubanka ba, ba addininku ɗaya ba, ba a biyanka. Ni kuma mai nake ƙonawa.” Amma yana kai ni.

Ranar farko da na shiga ɗakin, tsohon yana kwance, an yi masa aski, yana da tsabta. Bangon gabansa fari fat, sai talabijin da hoton matarsa. Da ya gan ni ya yi gurnani ya ɗaga hannu ya nuna bangon, sama ta hagu. Ba komai a wurin. Na kawo ruwa. Yadda ya sha na san ya daɗe yana nuna wurin.

Cikin masu aikin akwai wata mata 'yar Jos, Kirista, mai jiki da fara'a, kowa Anti yake ce mata. Ta ji ina yi wa tsohon Hausa ta tsaya a ƙofa.

“A'a, Baba, daga ina? Wannan Hausar ta Nijar ce, na ji ta tun daga baranda. Kai ne mai fassara bango? Kullum sai ya nuna mana shi. Mun zaci fatalwa yake gani.”

Na ba ta labari duka, har dalilin da ya sa ba a kawo zanen ba. Ta riƙe ƙugu.

“Wa ya tambaye mu? Ni da nake wanke masa gindi, zane ne zai dame ni?” Sai ta ƙara da cewa, “Amma fa akwai wata a aikin dare, 'yar garin nan ce. Kakarta ta yi aikatau a gidajen Turawan nan, ta ƙofar baya take shiga. Ita kam ba na jin za ta yi dariya. 'Yar tasa ba ta yi wauta ba.”

Na nuna mata wuraren. Nan ruwa, nan zafi, nan barci, tsakiya kuma a duba jikinsa. Ta maimaita har ta riƙe. Ta ce, “Zan gwada, Baba. Amma ɗakuna nawa gare ni, ka gani da idonka. Kuma ba kullum nake wannan ɓangaren ba.” Ta gwada, na shaide ta. Ta so ta manna 'yan takardu a wuraren don sauran, aka ce ba a manna komai a bango.

Sai aka canja masa ɗaki. A sabon ɗakin taga tana dama, ƙofa tana hagu, gadon yana kallon labule. Komai ya rikice masa. Yatsan ya riƙa yawo, ya nuna nan, ya koma can, ya tsaya a tsakiya yana rawa. In kawo ruwa ya kau da kai. In duba jikinsa, a bushe. Muka koma inda muka fara.

Wata Lahadi na rasa yadda zan yi. Na ɗauki filo na saɓa a baya, na duƙa, na karkata kamar mai tsiyaya ruwa daga salka. Ya dube ni. Ya girgiza kai kaɗan, a'a. Amma ya gane. Na ajiye filon na zauna a ƙasa a bakin ƙofa ina jan igiyar da babu. Ya yi gurnani mai ƙarfi. Na yaye masa bargo ɗaya, na buɗe taga. Ya sauke numfashi.

Daga ranar haka muke yi. In na zo sai in rufe ƙofa in bi su ɗaya bayan ɗaya. In yi alƙali, in jingina da kujera in buɗe baki. In yi Baturiyar miya, in dafe goshi in langaɓe. Na giwa sai na kwanta a ƙasa na ɗaga ƙafafu, ni da furfurata. Anti ta taɓa shigowa ta same ni haka. Ta ce, “Baba, in Hajiyarka ta ga wannan sai ta nemi takardarta. Tashi kada ka karye, ba mu da gado.” Ta fita tana dariya, ta ja mana ƙofar.

Guda ɗaya nake tsallakewa. Wata rana na yi duka bai amsa ba, yana ta gurnani, gumi a goshinsa. Na tsaya. Na san wanda ya rage. Na juya masa baya a gefen gado, na duƙa, na ɗauki ƙafarsa da ta mutu na sa a tsakanin gwiwoyina. Safar da aka sa masa ta matse, ƙafar ta kumbura har ta yi baƙi-baƙi. Ina cikin jan safar na ji tafin ɗaya ƙafar a bayana. Bai tura ba. Ɗora ta kawai ya yi, ba nauyi, tana rawa. Na ji yana dariyar nan tasa, wadda ban ji ba tun Pleasant Garden. Bai san komai ba. A wurinsa zanen ne ya cika. Na bar ƙafar inda take har na gama cire safar na murza masa yatsun.

A mota Alhaji ya ce, “Yau ka yi shiru da yawa.” Na ce na gaji.

Yini ɗaya a mako ba ya riƙe mutum. Sauran kwanakin yana kwance yana nuna labule, masu aiki suna wucewa da sauri, suna ce masa sannu da muryar da ake yi wa yara. Ba mugunta suke yi ba. Na yi wa 'yar waya na ce ko za a ɗauke ni in riƙa yini da shi. Ta ce ta tambaya, gidan ba ya karɓar mai jinya daga waje sai da wasu takardu, ni kuma ba ni da su. Na ce ko a dawo da zane biyu uku daga Ingila, a sa a bayan ƙofa. Ta yi kuka ta ce za ta yi magana da ɗan'uwan. Ban sake jin zancen ba, ni ma ban sake tayarwa ba. Ina tausayinta. Kowane mako tana tuƙo mota ta zo ta zauna gaban uban da ba ta san abin da yake ce mata ba.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, Alhaji ya tafi gida ganin iyali. Na yi makonni ban samu mai kai ni ba. Bas ba ta zuwa wajen ranar Lahadi. Da na samu wani ɗan masallacinmu ya sauke ni, na tarar tsohon ya rame, kumatunsa sun faɗa. Anti ta tare ni a baranda ta ce, “Ya daina nuna komai, Baba. Abinci ma sai da lallashi.”

Na shiga na gaishe shi. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Sai hannun ya fara tashi daga kan bargo, da ƙyar, yatsan ya miƙe wajen labule. Ya dube ni, ya dubi inda yake nunawa.

Na rufe ƙofa. Na ɗauki filo na yi mai salka. A'a. Na ja igiya. A'a. Na yi alƙali, na yi miya, na yi masu amuku ina tafiya a duƙe daga gado zuwa taga. Na yi ƙaho da yatsu na leƙo ta ƙofar banɗaki kamar saniya. Na kwanta a ƙasa na ɗaga ƙafafu. Na tashi na juya baya na kama ƙafarsa. Ya janye ta. Yatsan na nan a miƙe, idonsa na kaina, yana jira. Na sake bin su daga farko. Na fito da ɗan littafin daga durowa na buɗe masa shafi shafi dab da fuskarsa. Bai ko kalla ba.

Na tambaye shi da Turancina, na tambaye shi da Faransanci, na tambaye shi da Hausa. Na ce, “Ranka ya daɗe, mene ne? Wanne ne?” Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa mai rai. Hannun ya gaji, ya sauka a hankali a kan bargo.

Na zauna na riƙe hannun har wanda ya kawo ni ya aiko a ce yana jira a waje. Cikin makon ya rasu. Anti ce ta kira ni, tana kan aiki, ba ta daɗe a wayar ba. Ta ce ba kowa a ɗakin lokacin. Na tambaye ta ko ya sake nuna wani abu. Ta ce ba ta sani ba, ba ita ke ɓangaren ba ranar.